Tebur na Biyar

Ranar Alhamis da misalin sha biyu saura, ina zaune a ofishinmu na Kazaure ina cin ɗanwake, sai ga wayar Anti Saude daga Gwiwa. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Zulaikha, abinci ya ƙare. Yara tara na sallama hannu rabbana."

Na ce ba zai yiwu ba. Abin da na fara faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya. Mace tana tsaye a gaban katan ɗin da ba komai a ciki, ni kuma ina nan cikin fanka ina ce mata ba zai yiwu ba.

Bari in yi muku bayanin aikinmu. Ƙungiyarmu tana raba abincin tamowa, wannan na gyaɗa da madara da ke zuwa a 'yan ledoji, ga cibiyoyi goma sha huɗu a Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura. Duk Alhamis iyaye suna kawo yara, a auna musu damtse da nauyi, a ba su na mako guda. Anti Saude ma'aikaciyar lafiya ce, ita ke riƙe da ɗaya daga cibiyoyin Gwiwa tun kafin a ɗauke ni aiki. Ni ban taɓa auna yaro ba. Nawa aikin rumbun bayanai ne, ni ke fitar da adadin ledar da kowace cibiya za ta samu, da wannan adadin ake loda motoci. Abincin kuwa a ƙididdige yake zuwa mana, ba rara. Abin da aka ƙara wa wani gari, a bakin yaran wani gari aka cire shi.

Lissafin nan nauyi gare shi. Sai kwamfuta ta bi kowane yaro, ta duba duk awon da aka taɓa yi masa, ta ga ko yana ƙaruwa, ko ya yi fashi, ko ya isa sallama, sannan ta haɗa na kowace cibiya. Tebura biyar take yawo a cikinsu, wato jadawalan da ke ɗauke da bayanan shekara shida, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ta girmi aurena. Minti arba'in da bakwai take ɗauka. In da sau ɗaya ne da da sauƙi. Amma ma'aikatan ƙauye ba sa samun sabis sai sun fito titi, wasu sai da safiyar Alhamis bayanansu ke shigowa, kuma duk gyara ɗaya sai a sake daga farko. Sau nawa motar Babura ke fita sha ɗaya ta wuce. Kafin ta isa, matan da suka baro dabbobi da girki sun gaji sun watse.

Shi ya sa na yi teburin ajiya. Dabarar ba wata mai wuya ba ce. Tunda amsar ta riga ta fito, a rubuta ta a ajiye, kowace cibiya da layinta. Sai na ɗana tarko a kan teburan asali: da zarar an shigar da sabon yaro, ko sabon awo, ko sallama, tarkon ya sa wa layin wannan cibiyar alamar cewa ya tsufa, a sake lissafa nata ita kaɗai. Sauran goma sha ukun suna nan yadda suke. Minti arba'in da bakwai ya koma daƙiƙa biyu. Motoci suka koma fita bakwai da rabi. Baba Kyari, shugaban sito, dattijon da bai cika yabon mutum ba, ya fara kirana Injiniya. Ni ma kuma kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Da na ajiye wayar Anti Saude na duba, layin cibiyarta ba shi da alamar tsufa. Kafin in gama mamaki Baba Kyari ya shigo, domin shi ma ta kira shi. Ya ce cibiyar Roni kuma sun kira suna tambayar yadda za su yi da ragowar kusan katan guda.

"'Yar nan, cire abin nan naki," ya ce. Yau ba Injiniya. "Mu koma yadda muke. Gara a makara da a yi kuskure."

"Baba, makarar ma kuskure ce. Ka manta yaran Babura nawa muka rasa saboda jira?"

"Ban manta ba. Amma waɗancan na san dalili. Wannan kin san dalili?"

Ban sani ba. Raina ya ɓaci, na ji bakina yana neman ya yi abin da ya saba, na danne. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Laraba. Na ce ranar za mu kunna dogon lissafi a gabansa mu gwada da na ajiya, in ko leda ɗaya ta bambanta, da hannuna zan goge teburin. Ya ja carbinsa, sannan ya ce ya ji, amma la'asar ɗin Laraba, ba safiyar Alhamis ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Juma'a aka kai ragowar Roni zuwa Gwiwa a motar haya. Anti Saude ta aika wa iyaye, takwas suka dawo suka karɓa. Ɗaya ba ta dawo ba. Wata tsohuwa ce, Ya Kaka, mai riƙe da jikanta Mu'azzam, ɗan wata goma sha takwas. Ƙauyensu tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa, ba ta da waya, kuma ranar Alhamis da za ta tafi ta faɗa a gaban kowa cewa ba ta ƙara tako wurin.

Na kwashe Juma'a da Asabar ina bin tarkunana ɗaya bayan ɗaya. Duk suna aiki. In shigar da yaron gwaji, layi ya tsufa, lissafi ya gyaru, in goge shi, ya sake gyaruwa. Na zargi sabis, na zargi wayoyin ma'aikata, har Anti Saude na zarga a zuciyata cewa ko ta ba wa yaran da ba sa cikin rajista. Mutum in yana kare abin da ya gina ba wanda ba zai shafa wa laifi ba. Ranar Lahadi na haƙura na ce zuwa da kai ya fi aike. Litinin da safe na hau motar Gwiwa.

Na tarar da Anti Saude tana shara a ɗan ɗakin awo. Na ce ta nuna min yara taran nan a wayarta. Ta buɗe na farko. A ƙarƙashin sunansa an rubuta garinsu, wani ƙauye a Roni.

"Anti, wannan ai ba naki ba ne."

"Nawa ne mana, na ɗan lokaci. Yaye aka kawo shi wajen kakarsa."

"Wannan fa?"

"Yaye. Duk yaye ne. Ke ba ki san watan da muke ciki ba? Azumi saura kwana ashirin. Wace mace ce ke son azumi ya same ta da ɗa a nono in ya isa cirewa? Kuma tsakanin nan da Roni auratayya ce tun kaka da kakanni. 'Ya'yanmu mata suna can, yaransu kuma nan ake kawo su su manta da uwa."

Na ce to me ya sa ba ta canza musu gari a rajista ba. Ta kalle ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sa gishiri a miya.

"In canza masa gari don ya zo yaye? Gidan ubansa ya tashi ne? Ai a wurin baƙunci nake sa su. Ke kika yi mana shi."

Ni na yi shi. Shekara biyu da suka wuce ita da kanta ta roƙe ni, na ƙara wani ɗan tebur da ake rubuta cewa yaro kaza yana baƙunci a gari kaza daga rana kaza zuwa rana kaza. Shi ne tebur na biyar. Dogon lissafi yana leƙa shi kullum. Amma da na zo ɗana tarkuna, huɗu na ɗana. Na biyar ɗin yawancin watanni layi biyu ne ko uku a cikinsa, ban ma tuna yana duniya ba. Ranar da na buɗe shi a gaban Anti Saude layi talatin da ɗaya na gani. Ma'aikata sun yi aikinsu daidai, sun rubuta, teburin ajiya kuwa ba wanda ya gaya masa, yana nan yana aika rabon yaran gidan iyayensu mata. Abin haushin, ni kaina a Roni aka yaye ni, a ɗakin kakata. Ba baƙuwa ba ce ni da zan ce ban san al'ada ba.

Anan ne kuma ta faɗa min abin da ba ta faɗa a waya ba. Ba wannan makon aka fara ba. Wancan makon ma ledoji sun kasa, na yara biyar, sai ta ɗauka ita ta yi kuskuren ƙirga, ta raba musu rabi-rabi ta yi shiru. Mu'azzam yana cikinsu. Wato yaron nan mako guda rabin ciki, mako na biyu ba komai, kuma a daidai lokacin da aka raba shi da nono.

Muka ɗauki ledojinsa goma sha huɗu muka hau acaɓa biyu. Ya Kaka tana tsakar gida tana tsince zogale, yaron yana kwance a tabarma kusa da ita, ba barci yake ba, ba wasa yake ba. Anti Saude Bafulatana ce, Ya Kaka kuwa asalinsu Barebari ne, kuma a hanya Anti Saude ta ce min duk haɗuwarsu sai tsohuwar ta kira ta baiwarta su yi ta tsiya, irin wasan Fulani da Barebari. Ranar nan amsa sallama kawai tsohuwar ta yi.

Na durƙusa na gaishe ta. Anti Saude ta miƙa ledojin. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsu kafin ta karɓa.

"Ashe akwai," ta ce. "An ce min ana ganinsa a kasuwa. Ban yarda ba sai da na yi tafiyar nan sau biyu da yaro a baya."

Anti Saude ta fara, "Iya, wallahi ban taɓa—"

"Ban ce ki rantse ba. Uwarsa ciki gare ta, shi ya sa aka kawo min shi da wuri. Amana ce. In ya lalace a hannuna da wane ido zan kalli 'yata? Alhamis zan zo, don kun tako. In kuka ce min babu, kunun kanwa da saiwoyin da aka raine mu da su suna nan."

Ina durƙushe a wurin, na san sarai ba Anti Saude ba ce, amma bakin nan nawa da ba ya shiru a ofis ya ƙi buɗewa. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Talata na ɗana tarko na biyar. Na gwada shi ta kowace fuska: shigar da baƙunci, gyara shi, goge shi, kuma kowanne ya tsufar da layi biyu, na garin da yaro ya bari da na garin da ya je. Laraba da safe na zubar da duk abin da ke teburin ajiya na sake cika shi.

Bayan la'asar Baba Kyari ya jawo kujera ya zauna kusa da ni da takarda da biro. Na kunna dogon lissafi. Minti arba'in da bakwai muna zaune, shi da carbinsa, ni ina cizon farce. Da ya fito ya sa na riƙa karanto masa cibiya-cibiya, yana dubawa da na ajiya yana sa maki. Goma sha huɗu cif, ba bambancin leda ɗaya.

"To, Injiniya," ya ce, ya miƙe yana gyara hula. "Allah ya yi albarka. A bar shi."

Da na tsaya nan da na ci nasara. Amma yaron nan na kan tabarma ya tsaya min a rai, sai na buɗe jerin sunayen Gwiwa don kawai in gan shi a ciki. Babu Mu'azzam. Na duba Roni, ga shi can.

Na ce, "Baba, dawo. Dukansu biyun ƙarya suke yi."

A tebur na biyar an rubuta ranar komawarsa gida: Talata, wato jiya. Kwamfuta ta ga rana ta wuce, ta mayar da shi Roni da kanta, da dogon lissafin da gajeren. Ni kuwa shekaranjiya na gan shi da idona, yaron da ko zama da ƙyar yake yi, ba inda za a kai shi. Na kira Anti Saude na tambaye ta wa ya ba ta wannan ranar.

"Ba wanda ya ba ni. Abin naki ba ya yarda a wuce sai an cike gurbin, sai nake sa mako biyu ga kowa. Kin taɓa jin kakar da ta yanka wa yaye rana? In kin tambaya sai ta ce sai ya manta. Wani kwana goma, wani wata uku, wani ma shi ke nan ya zama ɗan ɗakinta."

Baba Kyari yana ji. Ya koma ya zauna. Ya ce a hankali, wato tsohon lissafin ma da yake cewa a koma masa yana da wannan ciwon tun da can. Na ce yana da shi, yaran ne ba su da yawa, ba wanda ya lura. Ban faɗa da gadara ba, domin ni na rubuta wancan ɗin ma.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na hana kwanan wata mayar da yaro gida. Yaro yana nan inda aka ce yana baƙunci har sai wani ɗan Adam ya rubuta cewa ya koma. In ranar ta wuce, tambaya ce kawai za ta fito a wayar ma'aikaci. Amma wannan bai gaya min inda yara talatin da ɗayan nan suke a yau ba, kuma gobe da safe za a loda mota. Na raba sunayen biyu, na miƙa wa Baba Kyari rabi. Ya ciro wayarsa. Muka yi ta kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya shiga mu kira maƙwabcinsa ko mai shagon bakin titi. Na Babura ɗaya sai da aka bi shi gona. Kafin a kira magariba mun san inda ashirin da tara suke, biyun kuma da asuba aka tabbatar mana. Goma sha ɗaya daga cikinsu da an aika rabonsu inda ba sa nan.

Alhamis na bi motar Gwiwa. Mata sun cika inuwar darbejiya tun takwas. Tara ta yi, goma ta yi, ba Ya Kaka. Ina taya Anti Saude ƙirga ledoji idona yana kan hanya. Na riga na yanke cewa in sha biyu ta yi ba ta zo ba, acaɓa zan hau. Sha ɗaya da kwata sai ga ta, ƙafafunta fari fat da ƙura, yaron a goye.

Anti Saude ta naɗa masa tef a damtse, ta ja, ta sake dubawa. Lokacin da aka fara ba shi abinci a Roni santimita goma da ɗigo tara yake. Ya hau har sha ɗaya da ɗigo takwas, ya fita daga ja ya shiga rawaya. Ta karanto min in shigar: sha ɗaya da ɗigo ɗaya. Ya koma ja. Aikin mako shida ya zube, kuma da yatsana na rubuta lambar.

Aka farke leda ɗaya a gwada ko zai ci, domin in ya ƙi sai dai a kwantar da shi a asibiti. Ya kau da kai. Ya Kaka ta lakato da yatsa ta shafa masa a leɓe, ya kau. Ta sake. A karo na huɗu ya lasa, sannan ya buɗe baki. A hankali ya ci fiye da rabi.

Ya Kaka ta ƙirga ledojinta ɗaya-ɗaya, sau biyu, ta ƙulle a gefen zane. Ba ta kalli Anti Saude ba. Na ga za ta tashi, na san in ta tafi da wannan zargin ko yau ta samu, wata rana kaɗan za a yi ta daina zuwa. Na durƙusa a gabanta, matan nan duk suna ji.

"Iya, ba Anti Saude ba ce. Ba a sayar da komai ba. Ni ce nake faɗin adadin da za a kawo, ni na yi kuskure na aika rabonsa Roni har sau biyu. Ranar Litinin na sani, na yi shiru a gidanki. Ki yafe mata, laifin nawa ne."

Tsohuwar ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ke 'yar wace ce?"

Na faɗa mata sunan mahaifina da unguwarmu a Kazaure, da sunan kakata ta Roni.

"To na san inda zan same ki," ta ce. "Alhamis mai zuwa guda nawa ne nasa?"

Na ɗago waya zan duba. Ta sa hannu ta danne ta ƙasa.

"Ba ita na tambaya ba. Ke na tambaya."

"Goma sha huɗu, Iya. In nauyinsa ya ƙaru a ƙara masa."

"In na zo babu fa?"

"Akwai. Ni zan zo da su."

Ta juya ta miƙa wa Anti Saude yaron ta ɗora mata shi a baya, ta ɗaure zanen da kyau, ta kama hanya tun rana ba ta ƙara zafi ba.